Garin Neman Gira: Sharhi a Kan Fitar da Rubutu da Ƙawata Shi a Allon Wayar Tebur

1.0 Gabatarwa



Na san wasu za su yi mamakin ganin an kawo zancen wayar tarho a taron da aka kira domin harshe da rubutu. Saboda haka bari in fara da abin da ya jawo ni ga wannan batu. Kwanakin baya wata ma'aikata ta sa sababbin wayoyi a kan teburorin ma'aikatanta, irin masu allo a gaba. Aka neme ni in mayar da sunayen ofisoshi da wasu gajerun sanarwoyi zuwa Hausa, domin yawancin masu tsaron ƙofa da masu karɓar baƙi sun fi sakewa da ita. Na yi aikin na miƙa. Ranar da aka ɗora shi a kan wayoyin na je in gani, sai na tarar inda na rubuta “Ɗakin Baƙi” allo ya nuna “?akin Ba?i”. Na nuna wa injiniyan da ke kula da aikin. Cikin minti biyu ya yi gyara, ya juyo mini da wayar yana murmushi: “Dakin Baki”. Don ya faranta mini rai ma sai ya ƙara wa rubutun girma, ya kawo shi tsakiyar allo, ya sa masa jan launi.

Wannan ɗan abin da ya faru shi ne tushen takardar nan. Ga na'ura ta iya girmama harafi, ta iya rina shi, ta iya kai shi duk kusurwar da aka so, amma ta kasa fitar da shi yadda masu harshen suke rubuta shi. Manufata ita ce in yi sharhi a kan hanyoyin da kamfanonin ƙera waɗannan wayoyi suka tanada domin nuna rubutu da ƙawata shi, in auna su da ma'aunin mai karatu. Ra'ayin da zan kare shi ne, a ƙaramin allo irin wannan, ingancin harafi shi ne farilla, ado kuwa nafila ne, kuma masu ƙira da masu saye sun fi mayar da hankali ga nafilar.

2.0 Yadda Rubutu Ke Isa Allon Wayar

Kafin mu yi nisa ya kamata mu san irin wayar da ake magana a kai. Ba tsohuwar wayar girke ake nufi ba, wadda aikinta ɗaukar murya kaɗai. Ana nufin wayar ofis da ake haɗawa da layin kwamfutoci, wadda ke aika murya ta hanyar da saƙonnin intanet ke bi. Irin waɗannan wayoyi sun fara yaɗuwa ne bayan da kamfanin Cisco na Amurka ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Selsius Systems a 1998. A farkon shekarun 2000 samfurorinsa na 7940 da 7960 suka cika ofisoshi a ƙasashe da dama. Kamfanin ya daɗe da daina sayar da waɗannan samfurori, amma na hannu suna nan suna yawo a kasuwa, kuma tsarin da aka gina musu na nuna rubutu ya ci gaba a samfurorin da suka biyo baya.

Abin da ake kira manhaja a irin wannan waya, galibi ba a cikin wayar take zaune ba. Tana can a wata kwamfuta da ake kira uwar garke. Idan ma'aikaci ya danna maɓallin hidimomi, wayar takan aika buƙata ga uwar garke, ita kuma ta maido da ɗan gajeren shafi da aka tsara da XML, watau wata ƙa'idar yi wa rubutu alamomi da aka fitar a 1998. Wayar ta karanta alamomin, ta gane wannan kanu ne, wannan jeri ne, wancan sunan maɓalli ne, sa'an nan ta zana su a allo. Ta haka ake samar da kundin lambobin ma'aikata, da jadawalin ɗakunan taro, da sanarwar gaggawa, da hidimomin ɗaki a otal, da kiran ma'aikatan jinya a asibiti.

Wato ke nan akwai hannu uku a kan kowane rubutu da ya fito: hannun marubucin saƙo, da hannun mai tsara manhaja, da hannun kamfanin da ya ƙera wayar. Tambayar da kowane kamfani ya amsa ta hanyarsa ita ce, wane ne a cikin ukun nan yake da ikon yanke yadda rubutu zai fito?

3.0 Hanyoyi Uku

3.1 Hanyar Cisco

Cisco ya riƙe ikon a hannunsa. Ya tanadi 'yan ƙayyadaddun siffofi na shafi, kowanne da sunansa. Na rubutu zalla sunansa CiscoIPPhoneText, kuma abin da ya ƙunsa shi ne kanu a sama, da gundarin saƙo a tsakiya, da layin umurni a ƙasa, sai sunayen maɓallai. Kanu ba ya wuce haruffa 32, haka ma layin umurni, gundarin saƙo kuwa yana iya kai haruffa 4,000. A cikin saƙon mai tsara manhaja ba shi da ikon kaurara harafi, ko ƙara masa girma, ko sauya masa launi. Abin da aka bar masa shi ne sauka sabon layi da barin tazara. Karya layi da gungura shafi duk aikin wayar ne.

Masu tsara manhaja sun daɗe suna kuka da wannan ƙunci, amma ni a ganina yana da hikima. Allon 7960 ɗigo 145 ne a kwance, 100 a tsaye, kuma mataki huɗu kawai yake nunawa daga fari zuwa baƙi. Mai duba shi kuwa yawanci kan waya na kunnensa, alƙalami na hannunsa, wani na tsaye yana jiransa. Abin da wannan mutum yake bukata shi ne ya san inda zai kai idonsa ba tare da nema ba. Tun da yake kowace manhaja a wuri ɗaya take sa kanu, a wuri ɗaya take sa umurni, wanda ya koyi ɗaya ya koyi duka. Har ila yau iyakar haruffa 32 makaranta ce ga marubuci. Alal misali “Ofishin Shugaban Sashen Harsunan Nijeriya” haruffa 41 ne idan aka haɗa da tazara, ya zarce ƙa'ida da 9. Dole marubuci ya zauna ya tambayi kansa wace kalma ce ke ɗauke da ma'ana, ya sa ta a gaba, ya zubar da sauran. Mu malamai mun san irin wahalar da muke sha kafin ɗalibi ya koyi wannan.

Amma ƙuncin yana da illa. Wanda ya nace sai ya yi ado, mafitarsa ita ce ya mayar da rubutun hoto ya aika. A 7960 hoton ba ya wuce ɗigo 133 a kwance da 65 a tsaye, watau ɗigo 8,645, kuma yana cin bayit 2,162 kafin ya nuna 'yan layukan da ba su taka kara sun karya ba. Rubutun da ya zama hoto ya daina zama rubutu. Wayar ba ta iya karya masa layi, kuma idan an kai shi samfurin da allonsa ya fi girma, kamar na jerin 8800 masu ɗigo 800 da 480, sai an sake zana shi. Duk da haka zan nuna a gaba cewa mai Hausa ya kan koma ga wannan dabara a kan dole, domin kawai ya sami lanƙwasar ƙ.

3.2 Hanyar Aastra da Yealink

Kamfanin Aastra na Kanada, wanda Mitel ya saya a 2014, ya ɗan sassauta. Bayan shafin rubutu zalla, ya tanadi wani shafi da ake tsarawa layi-layi. Ga kowane layi mai tsara manhaja na iya cewa a fito da shi da girmansa na kullum ko a ninka shi, a jingina shi hagu ko dama ko a tsayar da shi a tsakiya, a samfurori masu launi kuma a zaɓa masa launi. Yealink na ƙasar Sin ya bi tsari mai kama da wannan ƙwarai, hatta a sunayen alamomin.

Wannan hanya ta tsakiya tana da amfani a wuri ɗaya bayyananne, watau inda saƙo ya ƙunshi abu guda da ya fi sauran muhimmanci. Lambar ɗakin majinyacin da ya yi kira ta cancanci ta fi sauran bayanai girma, domin ma'aikaciyar jinya ta hango ta daga nesa. A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sai dai abin da na lura shi ne, da zarar an ba mutum akwatin launi sai ya ga kamar wajibi ne ya yi amfani da duka. Layin da aka ninka ya kan cinye wurin layi biyu a allon da dama layukansa kaɗan ne, sai sauran saƙon ya faɗa ƙasa inda ba a ganinsa sai an gungura. Idan kuma duk layukan aka girmama, to babu wanda aka girmama. Launi ma yana da tarkonsa. Ma'aikata ɗaya takan haɗa wayoyi masu launi a ofisoshin manya da marasa launi a bakin ƙofa. Idan ja shi ne kaɗai alamar haɗari, mai gadi da wayarsa ba ta san ja ba bai sami gargaɗin ba, alhali shi ne ya fi kowa bukatarsa. Haka kuma akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore tun haihuwa.

3.3 Hanyar Polycom da Wayoyin Android

Polycom, wanda Plantronics ya saya a 2018, daga baya HP ya haɗa su ya saye a 2022, ya bi hanya ta uku. Ya sa wa wayoyinsa ɗan ƙaramin burauza mai karanta wani yanki na XHTML, watau harshen da ake tsara shafukan intanet da shi. Daga baya kuma aka sami wayoyin tebur da ke aiki da Android, waɗanda kusan duk abin da wayar hannu ke nunawa su ma suna iya nunawa. A nan iko ya dawo hannun mai tsara manhaja kusan gaba ɗaya.

Alherin wannan hanya shi ne duk wanda ya iya tsara shafin intanet ya iya tsara na waya. Sharrinta kuma daga nan ya taso, domin ya kan zo da ɗabi'un babban allo: dogayen sakin layi, da jadawali mai ginshiƙai da yawa, da tambarin ma'aikata da ke cinye sulusin wuri. Ya tsara shafin a kwamfutarsa yana zaune dab da ita, ya manta cewa wayar tana can gefen tebur, a karkace, hasken taga na dukanta. Daɗin daɗawa, tun da yake ƙaramin burauza wani yanki kawai yake ganewa, abin da ya fito daidai a wannan samfuri yana iya wargajewa a wancan.

Idan aka ce in jera hanyoyin uku ta fuskar sauƙin karatu kaɗai, zan sa ta tsakiya a gaba muddin an yi amfani da ita da kamun kai, sa'an nan ta Cisco, sa'an nan ta burauza. Amma wannan jeri bai taɓa ainihin matsalarmu ba tukuna.

4.0 Haruffa Masu Lanƙwasa

Tun daga shekarun 1930 aka daidaita rubutun bokon Hausa a kan haruffa masu lanƙwasa, kuma da su aka buga littattafan da muka tashi muna karantawa. A Nijeriya guda uku ne, ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar kuma akwai na huɗu, ƴ, wanda mu muke rubutawa 'y. Idan aka haɗa manya da ƙanana, siffofi takwas ke nan. Kafin ɗaya daga cikinsu ya fito daidai a allon waya kuma ya yi amfani, sai ya tsallake shingaye huɗu.

4.1 Shingen lamba

Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na shekarun 1960 yana da gurabe 128, an cika su da bukatun Ingilishi. Tsarin ISO 8859-1 na 1987 ya kai su 256, ya shigo da haruffan Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da sauran harsunan Yammacin Turai. Babu ko ɗaya daga cikin takwas ɗinmu a ciki. Tsofaffin wayoyin da muka ambata a kan wannan tsari aka gina rubutunsu na boko, saboda haka duk ƙwarewar injiniya ba zai iya aika musu da ƙ a matsayin rubutu ba. Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ne ya ba haruffanmu gurabe: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, ƴ kuma tana U+01B4.

A tsarin UTF-8, wanda da shi ake aika yawancin rubutun Unicode a yau, kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa bayit biyu yake ci. Idan uwar garke ta aika da UTF-8 amma ba ta bayyana haka a kan saƙon ba, mai karɓa yana iya ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Wannan ne dalilin da ya sa a wasu na'urori “ƙasa” ke fitowa “Æ™asa”, “ɗaki” kuma ya fito “É—aki”. Wanda ya ga haka ya sani laifin na sanarwa ne, kuma gyaransa layi ɗaya ne. Har wa yau idan manhaja tana ƙidaya iyakar kanu da bayit a maimakon harafi, sunan da ke da lanƙwasa biyu, kamar Ƙanƙara, zai ci wurin da ya fi tsawonsa, a wani lokaci ma a yanke shi a tsakiyar harafi.

4.2 Shingen zane

Wayar ta gane lamba abu ɗaya ne, ta mallaki zanen da za ta nuna wani abu ne dabam. Kowace waya tana da rumbun zanen haruffa da kamfani ya zuba mata. Idan lambar ta zo babu zanenta a rumbu, sai a ga alamar tambaya, ko ɗan akwati, ko fili. Saboda haka don an rubuta a takardar talla cewa waya tana karɓar UTF-8, wannan bai tabbatar da komai ba game da Hausa. Akwai kuma wani abin lura. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin da Unicode ya ware wa alamomin ilimin furuci, manyansu kuwa da ƙ da ƴ suna wani rukunin. Kamfanin da ke zaɓen rukunoni domin ya rage nauyin rumbu yana iya ɗaukar ɗaya ya bar ɗaya, yana ganin alamomin furuci na masana ne kawai. Sai a sami wayar da ke rubuta “Ɗambatta” daidai amma ta kasa rubuta “kuɗi”. Wayoyin da ke aiki da Android sun fi samun sauƙi a nan, domin rumbunsu mai faɗi ne.

Kada a ce ƙanƙantar allo ce ta hana. Hatta tsohon guntun lantarkin nan na Hitachi mai lamba HD44780, wanda ke tafiyar da ƙananan alluna masu layi biyu a na'urori barkatai, ya bar gurabe takwas da mai ƙira zai zana haruffan da ya ga dama, kowanne a fili mai ɗigo 5 da 8. Takwas ɗin nan daidai suke da bukatarmu. Gaskiya ne zanen yana son kulawa, domin a ɗan wannan fili ɓ tana iya kama da lamba 6. Amma wannan aikin mai zane ne na 'yan kwanaki. Abin da aka rasa shi ne wanda zai nema.

4.3 Shingen jeri da nema

A ce harafi ya fito. Saura a same shi. A ƙamusunmu ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Manhajar da ke jera sunaye bisa lambar harafi kuwa za ta kai Ɗanladi da Ƙaraye can ƙarshe bayan z, inda mai nema ba zai taɓa zaton ganinsu ba. A tsarin Cisco shafin kundi ɗaya sunaye 32 yake ɗauka, don haka a babbar ma'aikata sunan da ya faɗa ƙarshe yana bayan shafuka masu yawa. Sa'an nan maɓallan waya an rubuta musu ABC a kan 2, DEF a kan 3, JKL a kan 5. Babu inda aka ajiye ɗ. Idan manhaja ba ta san cewa mai danna d yana iya nufin ɗ ba, to wanda aka rubuta sunansa daidai shi ne wanda ba za a samu ba.

4.4 Shingen alhamza

Na ƙarshe ƙarami ne amma ya fi yawan aukuwa. Alamar da muke sawa a “ma'aikata” da “sa'a” da “'yan” tana cikin alamomi biyar da XML ya keɓe wa kansa, kuma a wasu wurare sai an rubuta ta da wata siffa ta musamman, in ba haka ba shafin duka ya ƙi buɗewa. Bugu da ƙari, manhajojin buga takardu sukan sauya miƙaƙƙiyar alamar da lanƙwasasshiya ba tare da marubuci ya sani ba, ita kuwa lanƙwasasshiyar babu ta a ISO 8859-1. Sakatare ya buga jerin sunaye lafiya lau, a kwafa a kai waya, “ma'aikata” ta tsage gida biyu.

5.0 Hujjar Masu Cewa a Bar Lanƙwasa

Adalci ne in kawo hujjar injiniyan nan, domin ba shi kaɗai ke da ita ba. Cewa ya yi Hausawa suna aika wa juna saƙo kullum a wayar hannu ba lanƙwasa, kuma suna fahimtar juna. Wannan gaskiya ne, ni ma na sha yi. Amma abin da ke ceton mu a can shi ne mahallin zance. Saƙon aboki yana da gaba yana da baya, mun san mai maganar, in mun rikice mu tambaya. Allon wayar tebur kuwa an gina shi ne a kan gajarta. Kalma biyu ce ko uku, babu abin da ya gabace su, babu mai amsa tambaya. Gwargwadon gajartar saƙo, gwargwadon nauyin da kowane harafi ke ɗauka.

Mu duba waɗannan: baƙi da baki, saƙo da sako, ƙafa da kafa, ɗaure da daure, ɓari da bari, ƙarya da karya. A wayar asibiti “ɓari” bayani ne a kan halin da mace take ciki, “bari” kuwa umurni ne na a dakata. A wayar ofishin tsaro “a ɗaure” da “a daure” ba su haɗa hanya ba. Mai karatu zai gano daga baya, amma wannan allo an yi shi ne domin wanda ba shi da lokacin tsayawa tunani.

Akwai kuma wata fuska da ta shafe mu malamai. Muna kashe shekaru muna koya wa ɗalibai ƙa'idojin rubutu, muna rage musu maki a kan lanƙwasa. Idan suka fita suka tarar allon hukuma, wanda ke ɗauke da sunan ma'aikata, ya rubuta “Dakin Baki” da manyan jajayen haruffa, wane darasi suka ɗauka? Rubutun hukuma shi ke zama abin koyi, ko an so ko ba a so ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, ga masu sayen waya. Kafin a sa hannu a kwangila, a nemi mai sayarwa ya nuna siffofin nan takwas a allon ainihin samfurin da za a kawo, a kanu, da cikin saƙo, da kundin sunaye, da sunan mai kira, domin kowanne yana iya bin hanya dabam. Gwajin ba ya cin minti goma.

Na biyu, ga masu tsara manhaja. A ajiye kowane suna da cikakken rubutunsa a uwar garke, a aika da UTF-8 tare da bayyana haka. A gyara jeri ya bi na ƙamus, a sa nema ya haɗa d da ɗ, k da ƙ, b da ɓ. Inda wayar ta tsufa ba ta da zanen, manhaja ce za ta sauya siffar a lokacin aikawa ga wannan wayar kaɗai, asalin kuwa ya zauna lafiyarsa. A irin wannan hali ya fi kyau a sa wata alama kusa da harafin, kamar yadda wasu ke rubuta k' da d', da a share bambancin ɗungurungum. Dabarar hoto a bar ta ga saƙon da ba ya sauyawa.

Na uku, game da ado. Abu ɗaya kawai za a girmama a kowane shafi. Kada launi ya ɗauki ma'ana shi kaɗai, a haɗa shi da kalma. A gwada shafi a kan wayar da ta fi kowace ƙanƙanta a ma'aikatar, a tsaye, daga nisan taku biyu.

Na huɗu, gare mu. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su zauna su fitar da jerin gajerun kalmomi na maɓallai, irin su Fita, Koma, Kira, Nema, Zaɓa, Gaba, domin kada kowane injiniya ya ƙirƙiro nasa. Wannan aikinmu ne, babu kamfanin da zai yi mana.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun ga yadda rubutu ke isa allon wayar tebur, mun auna hanyoyi uku da kamfanoni suka bi wajen raba ikon tsara shi, mun kuma ga cewa kowace tana da alheri da illa ta fuskar sauƙin karatu. Daga nan muka bi harafi mai lanƙwasa ta shingayensa huɗu, muka ga babu ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin fasahar yau.

Ita ma'aikatar da na ba da labarinta, bayan kai da komo an gano cewa sababbin wayoyinta suna da zanen haruffan, sanarwar tsarin lamba ce kawai aka manta a uwar garke. Aka ƙara layin, “Ɗakin Baƙi” ya fito. Tsofaffin wayoyin bakin ƙofa kuwa har na bar wurin ba su iya ba, kuma masu amfani da su su ne waɗanda aka yi fassarar dominsu tun farko. Wannan shi ne abin da nake roƙon mahalarta su taya ni tattaunawa a kai.